Tarihin Maganin Barci da Jinyar Bayan Tiyata a Arewacin Ghana

Garuruwan Walewale da Salaga da Yendi da Bawku, waɗanda fataken Hausawa suka san hanyoyinsu tun zamanin da ake safarar goro daga ƙasar Gwanja zuwa Kano da Katsina, suna da daɗaɗɗen tarihin tsaga jikin mutum domin magani, amma tarihinsu na kashe zafin wannan tsagar gajere ne, kuma tarihin ƙirga waɗanda suka tashi lafiya bayan an yi musu aiki ya fi shi gajarta ƙwarai. A zangunan da Hausawa suka kafa a waɗannan garuruwa, wanzami ne ke yin kaciya da cire beli da ƙaho da farke maruru, maɗori kuma shi ke mayar da ƙashin da ya karye ko ya goce, kuma dukansu biyu sun dogara ne da saurin hannu, da ƙarfin waɗanda ke danne mara lafiya, da tarbiyyar jarumta wadda ta sa kuka a gaban aska ya zama abin kunya. An san tsirrai masu gusar da hankali irin su zaƙami, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai bugar da mutum da abin da zai halaka shi ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ba su zama abin dogaro wajen aiki ba. Iyakar wannan tsohuwar fasaha ita ce fatar jiki da ƙashi; cikin mutum kuwa, inda hanji ke murɗewa ko ya huje, inda jariri ke maƙalewa a doguwar naƙuda, ya kasance wurin da hannu ba ya kaiwa.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa ya faru ne a birnin Boston na Amurka ranar 16 ga Oktoba, 1846, lokacin da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani mara lafiya tururin sinadarin ita a babban asibitin Massachusetts, likitan fiɗa John Collins Warren kuma ya yi masa aiki a wuya ba tare da ya yi ihu ba. Shekara guda bayan haka James Young Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinburgh, wanda ya fi sinadarin ita daɗin shaƙa da saurin sa barci. Sai dai tun a watan Janairu na 1848 wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta rasu a kusa da Newcastle a Ingila ana tsakiyar ba ta kulorofom domin a cire mata farcen ƙafa, kuma muhawarar da ta biyo bayan rasuwarta ita ce ta haifi tambayar da wannan fanni ke ɗauke da ita har yau, wato mutum nawa ne maganin barcin da kansa ke kashewa, kuma ta wace hanya. A 1884 Carl Koller ya nuna a Vienna cewa ana iya kashe zafi a ido kaɗai da hodar iblis ba tare da an sumar da mutum ba, a 1898 kuma August Bier na Jamus ya yi aiki da allurar baya, wadda ake zuba magani a ruwan da ke kewaye da lakar gadon baya, sai rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na wasu sa'o'i alhali mai shi yana farke yana magana.

Waɗannan dabaru sun iso arewacin Ghana a makare, kuma a hannun hukumar da ba ta da niyyar kashe kuɗi a yankin. Salaga ta riga ta rushe a yaƙin basasar 1892 kafin Turawan Ingila su kafa mulkinsu a kan yankin da suka kira Ƙasashen Arewa a farkon ƙarni na 20, da hedikwata a Gambaga kafin a mayar da ita Tamale a 1907, yayin da Yendi ta zauna ƙarƙashin Jamusawa har zuwa 1914. Likitocin gwamnati ƙalilan ne, aikinsu na farko shi ne lafiyar Turawa da sojoji da ma'aikata, na biyu kuma annobar sanƙarau da agana da ciwon barci. Babban asibitin zamani da Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923, wato Korle Bu, yana Accra a bakin teku, tafiyar makonni daga ƙasar Mamprusi a ƙasa. Inda aka yi tiyata a arewa, likita guda ne ke yanka yana kuma sa ido a kan wani mataimaki da ke ɗiga magani a kan ƙyallen da aka rufe wa mara lafiya hanci da baki da shi, ba tare da wani awo ba sai kallon numfashi da taɓa jijiyar hannu.

A shekarun 1950 ne asibitocin da za su ɗauki nauyin tiyata a wannan yanki suka samu. Asibitin Bawku ya koma hannun cocin Presbyterian, a Nalerigu kuma, fadar Nayiri sarkin Mamprusi da ke gabas da Walewale, Dokta George Faile ya buɗe asibitin Baptist a 1958, wanda ya zama wurin da ake kai masu gwaiwa da ƙaba da matan da haihuwa ta gagara daga nesa, har daga Togo da Burkina Faso. Babban asibitin Tamale bai buɗe ba sai 1974. Akwai wata matsala ta yanayi da littattafan Turai ba su damu da ita ba, wato sinadarin ita yana tafasa ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki kan haura 40, saboda haka maganin kan tsere daga ƙyalle ya cika ɗaki, ga shi kuma mai saurin kamawa da wuta. Na'urar da aka ƙera a Oxford cikin shekarun 1950, wadda ake kira EMO da haruffan farko na sunayen Epstein da Macintosh da garin, ta rage wannan wahala, domin tana da rigar ruwa da ke daidaita zafi, tana auna yawan tururin da ke fita, kuma numfashin mara lafiya ne ke jan iskar ɗaki ta cikinta, ba ta bukatar lantarki ko tukunyar iska. Irin waɗannan na'urori masu sauƙi sun yi wa ƙananan asibitocin Afirka hidimar da manyan injuna masu tsada, waɗanda kan lalace a ajiye su a lungu saboda rashin kayan gyara, ba su yi ba.

Magunguna biyu ne suka riƙe tiyatar karkara daga shekarun 1970 zuwa yau. Na farko shi ne ketamin, wanda Calvin Stevens ya haɗa a Amurka a 1962, aka fara gwada shi a jikin mutane a 1964, aka amince da shi a 1970. Yawancin magungunan barci suna raunana numfashi suna kuma saukar da ƙarfin gudun jini, shi kuwa ketamin yakan bar mutum yana numfashi da kansa, ya kuma ɗaga gudun jinin, abin da ya sa ya dace da macen da ta zubar da jini ko yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, a asibitin da ba shi da injin numfashi. Illarsa ita ce yawan yawu da mugayen mafarkai da ruɗewa a lokacin farfaɗowa. Darajarsa ta fito fili a 2015, lokacin da ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar safararsa saboda masu shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin likitocin barci suka yi tsaye a kan cewa hakan zai rufe ɗakunan tiyata a ƙasashe matalauta, aka kuma jingine maganar. Na biyu shi ne allurar baya, wadda ta zama hanyar da aka fi bi wajen ciro jariri ta tiyata da gyaran gwaiwa. Tana da araha, uwa tana jin kukan ɗanta, amma takan faɗar da gudun jini nan take, kuma idan maganin ya hau sama fiye da kima yakan tsayar da numfashi, saboda haka sauƙin da ake ganin tana da shi yakan zama tarko ga wanda ba a koya masa abin da zai yi idan al'amari ya rikice ba.

Wannan ya kawo batun wanda ke riƙe da allurar. Makarantar likitanci ta Jami'ar Ghana ta fara a farkon shekarun 1960, Farfesa K. A. Oduro kuma yana cikin 'yan ƙasar na farko da suka ƙware a fannin sa barci suka koyar da shi, amma ƙwararrun da aka samu sun taru ne a Accra da Kumasi, wasu kuma suka tafi ƙetare. Ma'aikatan jinya da aka yi wa ƙarin horo su ne suka cike giɓin, da makarantarsu a asibitin Komfo Anokye na Kumasi tun ƙarshen shekarun 1980, da wata a asibitin Ridge na Accra daga 2009, sannan Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta shiga horar da su har matakin digiri. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa Ghana na da likitocin barci kimanin 70 da ma'aikatan jinya masu wannan horo fiye da 500, a lokacin da ƙungiyar likitocin barci ta duniya ke neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. A asibitin gunduma irin na Walewale ko Salaga ko Yendi, wannan ma'aikaci, wanda sau da yawa shi kaɗai ne ko su biyu, shi ne ke duba mara lafiya kafin aiki, ya sa shi barci, ya tashe shi, a kuma kira shi da tsakar dare idan jariri ya fito bai yi kuka ba. Ba a cika rubuta sunayensu a tarihi ba, alhali a kansu tiyatar arewa ta tsaya.

A ƙasashen da suka ci gaba, saukar mace-mace ya biyo bayan ƙidaya ne. A 1947 wani kwamiti a Philadelphia ya bi diddigin waɗanda suka rasu cikin sa'o'i 24 na farko bayan an sa su barci, ya gano cewa kusan rabinsu ana iya ceto su, da yawansu ma da kulawar jinya kawai, misali a lura cewa harshe ya toshe maƙogwaro ko amai ya shiga huhu, kuma wannan rahoto ya taimaka wajen yaɗuwar ɗakin farfaɗowa, wato ɗaki na musamman kusa da ɗakin tiyata inda ake tsare mutum har hankalinsa da numfashinsa su dawo. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka wallafa nazarin aiki kusan 600,000 a asibitoci 10 na Amurka, inda suka samu cewa maganin barci ya yi sanadi ko ya taimaka wajen mutuwar mutum 1 cikin 1,560. A 1970 Antonio Aldrete ya fito da ma'auninsa mai duba motsi da numfashi da gudun jini da farkawa da launin jiki kafin a fitar da mutum daga ɗakin farfaɗowa, a farkon shekarun 1970 kuma injiniya Takuo Aoyagi na Japan ya gano hanyar auna iskar oksijin da ke cikin jini da haske, wadda a yau ake yi ta ɗan maƙalin da ake sa wa yatsa. Ga mai baƙar fata wannan na'ura tana da muhimmanci na daban, domin shuɗin leɓe da ke nuna ƙarancin iska ba ya saurin bayyana ga ido, ko da yake bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa ita ma takan nuna adadi sama da na gaskiya a fata mai duhu. Yayin da mace-macen maganin barci suka sauka zuwa kusan 1 cikin 100,000 a Turai da Amurka, wani nazari daga babban asibitin Lome na Togo, maƙwabciyar Yendi da Bawku, da aka wallafa a 2005, ya ba da 1 cikin 133.

Arewacin Ghana ba baƙo ba ne ga binciken lafiya. Cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, wadda ta samo asali daga gwajin sinadarin bitamin A a ƙarshen shekarun 1980, ta yi suna a duniya da binciken gidan sauro mai magani da tsarin kai ma'aikatan jinya cikin ƙauyuka, wanda daga baya ya zama manufar ƙasa. Amma kuɗin masu ba da tallafi sun bi zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da ƙanjamau, an kuma ɗauki tiyata a matsayin abin alatu mai tsada, kuskuren da ya ci rayuka masu yawa. Ra'ayin ya sauya a 2015, lokacin da kwamitin mujallar The Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata da maganin barci masu aminci a kan lokaci kuma da kuɗin da za su iya biya, ya kuma sa ma'auni cewa asibitin gunduma ya iya ciro jariri, da buɗe ciki, da gyara karayar da ƙashi ya fito waje, kuma jama'a su iya isa gare shi cikin sa'o'i 2. A watan Mayu na 2015 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙuduri mai lamba 68.15 a kan haka. Ma'aunin sa'o'i 2 yana da nauyi a yammacin Walewale, a ƙauyukan da ke hayin kogin Farin Volta, waɗanda damina da sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso kan yanke su daga gari, Walewale kanta kuma tana da nisan fiye da kilomita 100 daga asibitin koyarwa na Tamale.

Binciken da ya fi kowane haskaka lamarin shi ne wanda Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta, wanda ake kira ASOS, aka kuma wallafa a 2018. Likitoci da ma'aikata a asibitoci 247 na ƙasashe 25, ciki har da Ghana da Nijeriya da Nijar, sun rubuta bayanin duk baligin da aka yi wa aiki cikin mako guda a 2016, suka bi shi har sallama, jimilla mutum 11,422. Marasa lafiyar sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya, ayyukan da aka yi musu ma sun fi sauƙi, kuma kashi 18 cikin 100 ne suka samu wata matsala bayan aiki. Duk da haka mutum 239 sun rasu, wato kashi 2.1 cikin 100, kuma a ayyukan da aka tsara tun da wuri, waɗanda ba na gaggawa ba, yawan mutuwar ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun wuce ranar aikin da rai, a kwanakin da suka biyo baya ne suka cika. Masana suna kiran wannan gazawar ceto, ma'ana matsala ta taso, jini na zuba a ciki ko ƙwayar cuta ta shiga jini, alamunta kuma sun bayyana a bugun zuciya da numfashi na sa'o'i da dama, amma ba wanda ya auna, ko an auna ba wanda zai zo. Asibitocin da aka nazarta ba su kai ƙwararre 1 ba, idan aka haɗa likitocin fiɗa da na mata da na barci, ga kowane mutum 100,000. Reshen binciken da ya shafi mata, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa cikin kowace mace 1,000 da aka ciro wa jariri fiye da 5 na rasuwa, kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki, zubar jini da matsalolin maganin barci kuma suna cikin manyan dalilai.

Masu binciken sun ɗauki mataki na gaba da ya dace da hankali, suka gwada ko ƙarin sa ido zai rage mutuwa. A ASOS-2, wanda aka wallafa a 2021, an raba asibitoci 332 na ƙasashe 28 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada zaɓin mutum ya karkatar da sakamako. A rukuni ɗaya an nemi a tantance masu hatsari, a kwantar da su inda ma'aikatan jinya ke ganinsu, a yawaita awo, a bar ɗan'uwa ya zauna kusa, a liƙa takardar alamun hatsari a gefen gado. Cikin marasa lafiya kusan 29,000, mutuwa ta zo daidai a rukunonin biyu, kashi 1.3 cikin 100. Da aka bincika dalili, sai aka ga asibitoci da yawa ba su iya aiwatar da tsarin yadda aka so ba, domin ma'aikaciyar jinya guda da ke riƙe da ɗaki cike da gadaje cikin dare ba ta da sa'ar da za ta ƙara, komai kyawun umarnin da aka ba ta. Wannan sakamako, duk da bai zo da abin da aka yi fata ba, ya fi rahotanni masu daɗin ji amfani, domin ya hana gwamnatoci fakewa da takarda a inda ake bukatar ɗaukar ma'aikata. Ya kuma buɗe wata hanya, inda a Mbale ta Uganda aka gwada koya wa masu jinya daga cikin dangi yadda ake auna bugun zuciya da iskar jini, aka ga yawan awon ya ƙaru. A arewacin Ghana, kamar a Kano ko Maraɗi, ba a kwantar da mutum a asibiti ba tare da uwa ko ƙanwa ko mata ta shimfiɗa tabarma a gefensa ba, kuma wannan mai jinya, wadda ta fi kowa sanin lokacin da jikin ɗan'uwanta ya sauya, ta daɗe tana zaune a wajen lissafin masu tsara kiwon lafiya.

A wannan zamani ne Tamale ta tashi daga wurin da ake tattara alƙaluma zuwa wurin da ake jagorantar gwaji. Ƙarƙashin Farfesa Stephen Tabiri, likitan fiɗa a Jami'ar Nazarin Ci Gaba, ta zama cibiyar Ghana a haɗakar binciken tiyata da Jami'ar Birmingham ke haɗawa da ƙasashe irin su Nijeriya da Benin da Ruwanda da Indiya. Gwajin FALCON na 2021, mai mutum 5,788 a ƙasashe 7, ya samu cewa kusan kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ciki rauninsu ya yi ruwa, kuma sinadarin wanke fata da zaren ɗinki masu tsada da ake ba da shawarar amfani da su ba su fi masu araha ba. Gwajin ChEETAh na 2022, mai mutum 13,301, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki ya saukar da ruɓewar rauni daga kashi 18.9 zuwa kashi 16 cikin 100. Ga manomin da aka yi wa aiki gab da damina, raunin da ya ƙi warkewa na nufin gonar da ba a nome ba da bashin magani, ko da yana da katin inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003.

Tsarin hanzarta murmurewa da Henrik Kehlet na Denmak ya fara a shekarun 1990, wanda ya ƙunshi rage dogon azumi kafin aiki, da ba mutum abinci da wuri, da tashe shi ya taka ƙafa, da haɗa magungunan kashe zafi iri-iri domin a rage dogaro da masu bugarwa, ba ya bukatar injuna, amma yana bukatar ma'aikatan da za su bi shi kullum, kuma yawancin hujjojinsa an tattara su ne a kan ayyukan da aka tsara, ba a kan yaron da aka kawo kwana uku bayan hanjinsa ya huje ba. A ɓangaren jini an samu sauyi na zahiri, domin tun da Ghana ta fara aiki da jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline a 2019, ɗaya daga cibiyoyinsu tana Vobsi kusa da Walewale, daga inda ake aika jini da magunguna zuwa asibitocin da mota ke daɗewa kafin ta isa. Ma'aunin da duniya ta amince da shi kuwa, wato yawan waɗanda suka rasu cikin kwana 30 bayan aiki, yana bukatar a bi mutum har ƙauyensu bayan sallama, kuma manyan gwaje-gwajen da Tamale ta shiga sun yi amfani da kiran wayar salula wajen tambayar yadda rauni yake da yadda mai shi ya kwana, hanyar da asibitocin Walewale da Salaga da Yendi da Bawku ke da ikon bi a aikinsu na yau da kullum idan aka ware musu ma'aikacin da zai riƙe littafin da kuɗin katin waya.